Tsarki a bakin aiki: yadda rubuce-rubucen Josemaría Escrivá suka tsara ranar mai bi

Ranar 6 ga Oktoba 2002 Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana Josemaría Escrivá a matsayin waliyyi, washegari kuma ya kira shi waliyyin rayuwar yau da kullum. Da'awar wannan fada ɗan Sifaniya gajeriya ce: akawu da manomi da ɗalibi da uwar 'ya'ya, kiran da aka yi musu zuwa tsarki daidai yake da wanda aka yi wa ɗan zuhudu, kuma aikin da ke hannunsu shi ne kayan ginin. Faɗin haka ba wuya. Wuyar tana wajen yadda ake yi, kuma a nan ne littattafansa suka fi ba da ƙarfi. Wanda ya buɗe su yana neman zurfin ilimin tauhidi zai rufe su yana ƙorafi, domin jagorar aiki ne, masu cike da sa'o'i da mintoci da umarni.

An haifi Escrivá a Barbastro a 1902, aka naɗa shi fada a Zaragoza a 1925. Daga 1927 ya yi hidima tsakanin marasa lafiya da matalautan unguwannin Madrid, a can kuma ya kafa ƙungiyar Katolika ta Opus Dei, wato Aikin Allah, ranar 2 ga Oktoba 1928. Ya koma Roma a 1946, ya rasu a can ranar 26 ga Yuni 1975. Ba shi ne ya fara cewa ɗan ikilisiya, ko da ba limami ba ne, yana iya zama waliyyi ba. Francis na Sales ya rubuta wa matan aure da fadawan sarki littafin ibada tun 1609, Thérèse ta Lisieux, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, ta koyar da ƙaramar hanya ta yin ƙananan abubuwa da ƙauna. Albino Luciani, wata guda kafin ya zama Paparoma John Paul na Ɗaya a 1978, ya rubuta a wata jaridar Venice inda bambancin yake a ganinsa: Francis na Sales ya ɗauko ibadun gidan zuhudu ya rage musu nauyi don mutanen gari, shi kuwa Escrivá ya ce aikin kansa ne za a mayar addu'a. Babban taron Fatikan na Biyu ya sanya kiran kowa zuwa tsarki cikin koyarwar Coci a 1964, a babi na biyar na takardar Lumen gentium.

Littattafan da yadda ake karanta su

Wanda ya fi shahara shi ne Camino, wato Hanya, da aka buga a Valencia a 1939. Gajerun batutuwa ne 999 cikin babi 46, wasu layi ɗaya, wasu sakin layi guda. Ya girma ne daga wani ƙaramin littafi da aka buga a Cuenca a 1934. Binciken da Pedro Rodríguez ya wallafa a 2002 ya nuna cewa yawancin batutuwan an ciro su ne daga littafin ajiyar Escrivá na kansa, da wasiƙu, da bayanan wa'azinsa. Wannan ya bayyana salon: kullum da mutum ɗaya ake magana, "kai", wani lokaci da lallashi, wani lokaci da tsawa. Mutumin da ake yi wa maganar kuwa, a asali, ɗalibin jami'a ne namiji a Madrid ta shekarun 1930, irin waɗanda suke zuwa makarantar DYA da Escrivá ya buɗe a 1933. Wanda ya manta da wannan zai yi tuntuɓe a wurare da yawa.

Bayan rasuwarsa aka buga wasu biyu masu irin wannan tsari: Surco a 1986 mai batu 1000, da Forja a 1987 mai 1055. Batu na ƙarshe a Surco zolaya ce ga waɗanda suka yi ta neman wani sirri a cikin lambar 999. Akwai kuma tarin wa'azi biyu, Es Cristo que pasa na 1973 da Amigos de Dios na 1977, kowanne da wa'azi 18. A nan ne hujjojin suke a shimfiɗe, kuma mai son fahimtar tunanin gara ya fara da su.

Kuskuren farko da masu karatu ke yi shi ne su ɗauki Camino su karanta shafi hamsin a zama ɗaya. Sakamakon gajiya ne, ko jin kamar ana ta zuba wa mutum umarni ba numfashi. An rubuta shi ne don lokacin addu'ar zuci: a karanta batu biyu ko uku, a tsaya a kan wanda ya taɓa zuciya, a rufe littafin, a yi magana da Allah a kansa. Idan hankali ya tafi yawo sai a sake buɗewa. A haka babi ɗaya zai iya cin mako.

Abin da ake nufi da tsarkake aiki

Tushen hujjar Littafin Farawa 2:15 ne. An sa mutum a gonar Aidan ya nome ta ya kuma kiyaye ta tun kafin faɗuwa, saboda haka aiki ba hukunci ba ne, wahalar da ke cikinsa ce ta biyo bayan zunubi. Sai kuma shekarun da Yesu ya yi a Nazarat, kusan talatin, wanda mutanen garinsu suka sani da masassaƙi kamar yadda Markus 6:3 ya faɗa. Escrivá ya ce waɗannan shekarun ba jiran fara aikin ceto ba ne, suna cikinsa. Daga nan ya fitar da abubuwa uku da yake maimaitawa: a tsarkake aikin, mutum ya tsarkaka a cikin aikin, a tsarkake wasu ta hanyar aikin.

Na farkon ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan sun yi addu'a kafin su fara, shi ke nan. Batu na 359 a Camino ma, idan aka ɗauke shi shi kaɗai, zai iya ba da wannan fahimtar, domin cewa ya yi a sa wa aiki niyya ta Allah sai ya tsarkaka. Amma a Amigos de Dios ya ɗauko dokar hadaya ta Littafin Firistoci, wadda ta hana miƙa wa Allah dabba mai aibi, ya ce haka ma aikin da aka yi ha'inci ko ganganci a cikinsa. Ma'anar a aikace ita ce ƙwarewa ta shiga cikin sharuɗɗan ibada. Telan da ya yi addu'a da safe amma ya bar bakin ɗinki a warware ta ciki inda mai riga ba zai gani ba, bai miƙa komai ba. Likitan da ya daina karanta sabon ilimin fanninsa, rosarinsa, wato addu'ar carbi, ba zai cike giɓin ba. Shi ya sa batu na 335 a Camino ya ce sa'a ɗaya ta karatu, ga manzo na wannan zamani, sa'a ɗaya ce ta addu'a.

Misalin da ya fi so ya fito ne daga Burgos, inda ya zauna a 1938 lokacin yaƙin basasar Sifaniya, bayan ya tsere daga Madrid ya ƙetare duwatsun Pyrenees a ƙafa. Yakan hau hasumiyar babban cocin garin da samarin da suka zo hutu daga fagen daga, ya nuna musu sassaƙar dutse mai kyau a can ƙololuwa, wadda ba wanda ke tsaye a ƙasa zai taɓa gani. Magina sun gama ta ne don Allah. Ma'aunin ke nan: duba ɓangaren aikinka da ba wanda zai bincika.

A cikin rana, matakan kaɗan ne. A fara a kan lokacin da aka sa, kuma da abin da ya fi muhimmanci, ba da wanda ya fi daɗi ba. Kafin a fara, a miƙa aikin da gajeriyar addu'a, sau da yawa don wani takamaiman mutum: sa'ar farko don abokin aiki da ke rashin lafiya, ta biyu don ɗan da ya bar zuwa coci. Wannan ɗaura sa'a da suna yana da amfani na zahiri, domin wanda ya miƙa sa'a don wani zai ji kunyar ɓata ta a waya. A ajiye wani abin tuni a gaban ido, ƙaramin gicciye a kan tebur ko hoton Maryamu, wanda kallo ɗaya zai dawo da niyya. A ƙarshe a gama. Escrivá ya sha cewa mutane suna bikin aza tubalin farko, shi kuwa na ƙarshe ne ya dame shi. Batu na 815 ya taƙaita duka: yi abin da ya wajaba a kanka yanzu, ka kuma kasance a cikin abin da kake yi.

Jadawalin rana

Duk wannan ba ya tsayawa da ƙafarsa. Batu na 82 ya jera abubuwa a kan tsari: addu'a farko, sai musun kai, aiki kuwa na uku, na uku sosai. Mutumin da aka sani da ɗaukaka aiki shi ne ya ajiye shi a ƙarshen layi, kuma wanda bai lura da haka ba zai mayar da koyarwar ta zama wa'azin ƙwazo kawai. Abin da ke riƙe tsarin shi ne jadawalin ibada da ya kira shirin rayuwa.

Yana farawa da minti ɗaya, wanda batu na 206 ya kira mintin jarumta: agogo ya buga, ka tashi nan take, ba tattaunawa da bargo. Dalilin shi ne wanda ya sha kaye a gwagwarmayar farko ya fara ranar da bashi. Daga nan sai miƙa ranar ga Allah. Cikakken shirin, kamar yadda 'yan Opus Dei ke bi, ya ƙunshi rabin sa'a na addu'ar zuci da safe da wani rabin da yamma, Mas da karɓar Yukarist, wato Jibin Ubangiji, kullum, addu'ar Anjelus da tsakar rana, rosari, kusan minti goma sha biyar na karatu da aka raba tsakanin Sabon Alkawari da wani littafin ruhaniya, gajeriyar ziyara ga Sakramenti Mai Tsarki, binciken lamiri da dare, da "A gaishe ki Maryamu" sau uku kafin barci. Kowane mako a je furta zunubi, kowane wata a keɓe wasu sa'o'i, kowace shekara a keɓe wasu kwanaki. Idan aka tara na kullum, ya haura sa'a biyu.

A nan ne mafi yawan masu farawa ke karyewa. Mutum ya karanta jerin ranar Lahadi, ya ɗauki duka ranar Litinin, kafin sati biyu ya watsar da komai, har da abin da yake yi tun da. Masu jagorancin ruhaniya a wannan hanya ba haka suke ba da shi ba. Ana farawa da lokacin tashi tsayayye, minti goma na addu'ar zuci, da minti uku na bincike da dare. Sai waɗannan sun zauna, bayan makonni, a ƙara ɗaya. Kuma kowace ibada sai an ɗaura mata lokaci da wuri. "Zan yi addu'a da yamma" ba ya faruwa. "Ƙarfe biyar da rabi, a cocin da ke kan hanyar gida, kafin in shiga mota" yana faruwa. Escrivá da kansa ya ce shirin ya zama kamar safar hannu ta roba da ke bin siffar hannun mai ita. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ba za ta bi jadawalin malamin makaranta ba, kuma uwar da jaririnta ke kuka ba ta yi laifi ba idan ta katse addu'a ta ɗauke shi, domin shi ne wajibin wannan lokacin.

Binciken lamiri iri biyu ne, kuma batu na 238 ya bambanta su: na gaba ɗaya sulke ne, na musamman takobi. Na gaba ɗaya shi ne na dare, tambayoyi uku a taƙaice: me na yi daidai, me na yi ba daidai ba, me zan gyara gobe, sannan ƙuduri guda ɗaya tak. Na musamman kuwa hali ɗaya ake zaɓa a bi shi makonni, a duba shi da tsakar rana. Yana lalacewa ne idan abin da aka zaɓa ya yi faɗi. "In zama mai haƙuri" ba a iya auna shi. "Kada in katse matata idan tana magana" ana iya ƙirga shi kafin la'asar.

Musun kai ma a littattafan ƙanana ne galibi. Batu na 173 ya lissafa maganar da ta zo bakinka ka haɗiye, barkwancin da zai ci mutuncin wani ka fasa, murmushi ga wanda ke gundurarka, shiru a gaban zargin da ba ka ci ba. Batu na 681 ya nemi ɗan hana kai a kowane cin abinci. Ka'idar da ake bayarwa ita ce musun kanka kada ya zama azaba ga na kusa da kai. Mai azumin da ke huce yunwarsa a kan 'ya'yansa gara ya ci abinci. Gaskiya ne kuma cewa membobin Opus Dei marasa aure suna ɗaura wata sarƙa mai ƙananan tsini a cinya na sa'a biyu a rana, tsohuwar al'ada ce ta gidajen zuhudu, kuma ita ce jaridu suka fi so. Ba a neman wannan daga masu aure, waɗanda su ne kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙungiyar, balle daga mai karatu kawai.

Inda abin ke karkacewa

Haɗari mafi girma yana cikin ƙarfin hanyar ne. Abin da ake iya ƙirgawa yana iya zama abin alfahari ko abin firgici. Batu na 235 ya kwatanta binciken dare da lissafin ɗan kasuwa, kuma mai saurin damuwa zai ɗauki wannan ya mayar da Allah mai binciken kuɗi. Alamun a bayyane suke: mutum ya fi jin zafin rosarin da ya tsallake fiye da tsawar da ya yi wa yaronsa, ko ya riƙa maimaita addu'a don yana shakkar ta farko ta karɓu. Paparoma Francis, a wasiƙarsa Gaudete et exsultate ta 2018 kan wannan batu na tsarkin yau da kullum, ya yi gargaɗi mai tsawo game da masu dogara da ƙoƙarinsu da bin ƙa'ida maimakon alherin Allah. Bai ambaci kowa ba, amma gargaɗin ya shafi duk wata ruhaniya mai jadawali. Maganin da ke cikin rubutun Escrivá shi ne abin da ya kira tushen komai, wato sanin cewa mai bi ɗa ne a gidan Ubansa. Ya danganta wannan da wata rana a Oktoba 1931 da ya sami kansa a cikin taragon titi a Madrid yana ta maimaita "Abba, Uba". Camino yana da babi biyu kan ƙuruciyar ruhaniya, inda tasirin Thérèse ya fito fili, da babi guda kan yawan shakka. Ɗa idan ya faɗi yakan tashi ya sake farawa, ba ya zaman lissafin asara. Sai dai waɗannan babobin na ƙuruciya suna can wajen ƙarshen littafin, mai karatu da yawa kuwa ya riga ya sha tsawar babin farko kan hali ya ajiye.

Karkacewa ta biyu ita ce a rikita tsarki da nasara. Tunda ana neman ƙwarewa, kuma ƙwarewa kan kawo girma, da sauƙi mutum ya fara ɗaukar ƙarin matsayi a matsayin shaidar yardar Allah, ya riƙa kwana a ofis da sunan hadaya alhali gida na kuka. Rubutun bai goyi bayan haka ba. Gwarzon batu na 998 jaki ne mai juya na'urar ban ruwa, kullum zagaye ɗaya, ba wanda ya san sunansa, amma ba don shi ba da lambu bai yi fure ba. A wa'azin da ya yi a harabar Jami'ar Navarra a Pamplona ranar 8 ga Oktoba 1967, ya soki masu rayuwa biyu, ɗaya ta coci ɗaya ta kasuwa, ya kuma soki masu zaman "da ma": da ma ban yi aure ba, da ma wani aiki nake yi, da ma ina da lafiya. Iyali a wurinsa aiki ne da ke da lokacinsa a jadawali, kuma tashi daga tebur a kan lokaci musun kai ne kamar zama a kansa.

Akwai kuma wuraren da zamani ya bar Camino a baya, kuma ba a kyauta wa mai karatu idan aka ɓoye su. Batu na 28 ya ce aure na sojojin sahu ne, ba na hafsoshin rundunar Almasihu ba. Batu na 946 ya ce mata ba lallai su zama masana ba, hankali ya ishe su. Batu na 387 ya yi maganar tilastawa mai tsarki, na 941 kuma ya ce a aikin Allah ko dai a yi biyayya ko a tafi. Masu kare shi suna nuna cewa daga baya ya kira aure kira na Allah a cikakken wa'azi guda, kuma matan ƙungiyar sun zama farfesoshi da likitoci tun yana raye. Hakan gaskiya ne, amma kalmomin suna nan yadda suke, kuma a hannun jagora marar tausayi maganar biyayya da tilastawa makami ce. Masanin tauhidi Hans Urs von Balthasar ya soki Camino a 1963, yana ganin ruhaniyarsa ba ta da zurfin da zai ɗauki nauyin ƙungiya mai irin wannan tasiri. A lokacin membobi irin su Alberto Ullastres da Mariano Navarro Rubio suna ministoci a gwamnatin Franco, mai mulkin Sifaniya, tun 1957, ko da yake wani memba, Rafael Calvo Serer, ya ƙare a gudun hijira saboda adawa da gwamnatin.

Giɓin da ya fi wuyar cikewa, a ganin mai wannan sharhi, shi ne na aikin da aka gina a kan zalunci. Littattafan sun yi bayani dalla-dalla kan yadda ma'aikaci zai yi aikinsa, sun kuma ce adalci wajibi ne a kan mai ba da aiki, amma ba su daɗe a kan tambayar wanda ake biya ƙasa da haƙƙinsa ba: yaushe ne miƙa wahala ga Allah ke zama ibada, yaushe ne kuma yake zama abin da ke rufe wa azzalumi asiri? Escrivá ya bar irin waɗannan ga lamirin kowane mai bi da koyarwar Coci kan zamantakewa, yana cewa ƙungiyarsa ba ta da ra'ayin siyasa ko na tattalin arziki. Tambayar ta dawo gida a 2021, lokacin da mata 43 a Ajantina, tsofaffin masu aikin gida a cibiyoyin ƙungiyar, suka kai ƙara Fatikan cewa sun yi shekaru suna aiki ba albashi. Opus Dei ta musanta zargin cin zarafi. Mai karatun da ke aiki a ƙarƙashin irin wannan yanayi yana buƙatar ya haɗa Escrivá da Laborem exercens, wasiƙar John Paul na Biyu ta 1981, wadda ta yi magana kai tsaye kan albashin adalci, hutu da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago.

Ya kamata kuma a raba littattafan da ƙungiyar. Opus Dei ta sami matsayinta na musamman a dokar Coci a 1982, Paparoma Francis ya sauya wasu sassan tsarin a 2022 ya mayar da ita ƙarƙashin ofishin Fatikan mai kula da limamai. Ta iso Najeriya a 1965, kuma Jami'ar Pan-Atlantic da ke Legas tana cikin cibiyoyin da ke da alaƙa da ita. Amma an buga miliyoyin kwafin Camino cikin harsuna fiye da arba'in, adadin da ya ninka membobin sau da yawa, wato akasarin masu amfani da shi ba su taɓa shiga ƙungiyar ba. Ga irin waɗannan, abin da littafin ke ɗauka cewa suna da shi, wanda kuma sau da yawa ba su da shi, shi ne jagora. Camino ya keɓe babinsa na biyu ga wannan, domin batutuwan an rubuta su ne ga mutane daban-daban a yanayi daban-daban: wani malalaci ne da ke buƙatar tsawa, wani mai yawan shakka ne da tsawar za ta ƙarasa shi. Fada ko wani dattijon ikilisiya da ya san mutum, wanda ake gani sau ɗaya ko biyu a wata, shi ne zai ce masa wane batu ne nasa a bana, wanne ne kuma zai tsallake.